Duwatsun kufai: a ɗiba ko a bari?

Sakataren kwamite: Salamu alaikum ƴan uwa na gida da na waje, da fatan an wuni lahiya. Jiya bayan la'asar kwamiten daji ta zauna gindin tsamiyar maigari, munka kai har magariba magana ba ta yanke ba, shi ya sa na kawo ta nan. Geben da ke saukowa daga tudu ya ƙara ci bana, ya cinye rabin burtali, saura kaɗan ya faɗa gonakin gabas. Dole a tare ruwan tun daga sama da jerin duwatsu kafin damana. To dutsen da ya fi kusa shi ne na kufan da ke tsakiyar dajinmu, ga shi nan jibge, kakanni sun riga sun fasa sun tara, ɗauka kawai za a yi. Rabin kwamite sun ce a ɗiba, rabi sun ce kada a taɓa. Maigari ya ce a ji bakin ƴan waje tunda da kuɗinku a asusu. Kowa ya faɗi nashi, ban da zagi don Allah.

Ɗan Abijan: Wa alaikumus salam. Wai har wannan ma abin zama ne? a ɗiba mana. Dutse ne fa ba mutum ba. Waɗanda sunka gina sun tashi sun bar shi tun ba a haifi kakan kakana ba, mu kuma mu zauna muna gadin kango ruwa na cin gonar masu rai.

Mai gonar bakin gebe: Allah shi biya ka ƙanena. Ni abin a jikina yake ba labari na ji ba. Ruwan da anka yi cikin watan takwas dare guda ya tafi mini da kunya huɗu na hatsi har da waken da ke ciki, da safe na je na tarar da gawon da babana ya bari saiwarsa na reto a iska kamar igiyar shanya, ƙasar da ke ƙarƙashi babu ita. Wanda ke son tarihi ya zo ya tsaya bakin ramin nan ya faɗa mini.

Jikan maƙera: Kawu ba wanda ya ce gonarka ba ta da daraja, amma kada a ce wurin ba na kowa ba ne. Namu ne. Can kakanninmu sunka yi ta narka tama, har yau in ka zaga ta yamma da ganuwar za ka ga kashin tama baƙi ƙirin a zube da bakin matoyi guda uku da sunka rage. Kakana ya kai ni ina yaro ya ɗauki guntu ya sa mini a hannu, nauyi kamar ba girmansa ba, ya ce da wannan anka yi hauyar da ta noma duk gonakin da kuke faɗa a kai. In amalanke ta shiga rana ɗaya ta isa ta tattake su.

Ɗan Abijan: To ku kwashe kashin tamar ku kai gida ku aje cikin ɗaki mana 😂

Jikan maƙera: Taubashi kai da kake kwana a shago a ƙasar mutane me ka sani da ɗaki

Sakataren kwamite: Na ce ban da zagi.

Baba mai ritaya (gandun daji): Salamu alaikum. Ku yi haƙuri zan yi tsawo, tsoho ba shi da gajerar magana, kuma jikana ne ke danna mini wayar.

Na yi aikin gandun daji tun zamanin Kountché. Ina nan anka yi taron Maraɗi na 1984 kan hamada, anka ce kowane gari ya yi dajinsa, anka kawo waya anka kewaye, anka dasa dogon yaro ranar 3 ga Agusta da kiɗa da jawabi. Ku tambayi duk wanda ya yi aikin, da yawa cikin waɗannan dazukan garin ba su kai ko'ina ba, waya ta koma dangar lambun wani, itacen awaki sun gama da shi, don mutane na ganin na gwamnati ne. Inda abu ya kama kamar layukan dogon yaro na Majiya wajen Buza da anka fara a 1975, ko aikin Keita da Italiya ta ɗauki nauyi daga 1984, sai da anka zuba kuɗi da abinci da masu gadi shekara da shekaru. Sai kuma sassaben zamani, wato barin tohon itace cikin gona ana gyara shi, da ya taso daga Maraɗi, shi ya yi nisa don itacen na cikin gonar mutum ne ya san nasa ne.

To ku dubi kufanmu. Wa ya taɓa sa masa waya? wa ya taɓa biyan mai gadi ko dala? Amma ku shiga ku ƙirga: marke na ciki, ƙirya na ciki, jiga, tsamiya, taramniya masu kauri da mutum ba ya iya rungumarsu. Ku fita ku yi tafiyar yini ta kowace kusurwa ku nemo mini ƙirya guda mai wannan girman. Babu. Masu gawayi da masu sassaƙa turmi sun gama da su tun tuni. Abin da ya tsare na ciki kunya ce da tsoro, mutum ba ya iya ɗaga gatari a kan kushewar kakansa. Ni da kaki da takardar tara a aljihu ban tsare abin da wannan kangon ya tsare ba.

Kuma fakon da kunka yi wa ramukan rabin wata na tare ruwa ya rayu, kun ɗauka duk daga ƴan itacen leda da anka dasa ne? Ku duba da kyau. Aduwa da magarya da ke fitowa a bakin ramukan ba ku kunka dasa ba, awaki da tsuntsaye sunka kwaso irin daga kufai. Can ne rumbun iri.

Abin da nake tsoro ba raguwar dutse ba ne. Hanya. Ranar da anka buɗe wa amalanke hanya zuwa tsakiyar dajin nan an gama, don na kama amalanke ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, dutse ko ciyawa a sama itace ɗanye a ƙasa. Kuma yaron da ya ga babansa ya rushe ganuwa ya koma gida lahiya lau ya ci tuwo, gobe ba abin da zai hana shi sare marken.

Ustaz: Baba Allah ya ƙara lahiya, maganarka akwai hikima amma a nan zan ɗan tsaya. Ba za mu gina tsaron daji a kan tsoron iskoki ba. Mun sha wa'azi kan masu kai farar kaza gindin tsamiyar can, alhamdu lillahi abin ya ragu, kada a maido mu baya da sunan kare itace. Dutse ba ya cutarwa ba ya amfanarwa sai da ikon Allah.

Baba mai ritaya (gandun daji): Malam ban ce a kai kaza ba. Na ce kunya.

Ustaz: To in kunya ce muna tare. Kuma in akwai kaburbura a wurin magana ta canza, don Annabi SAW ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Sai a tantance ina ne maƙabarta ina ne ba ita ba.

Mai gonar bakin gebe: Waɗancan ai azna ne Malam, ko gabas ba su kallo

Jikan maƙera: Kawu aznan nan su sunka haifi wanda ya haifi babanka

Ustaz: Ɗan Adam dai ɗan Adam ne, ba a tone shi don a tare ruwa.

Ɗiyar shugabar mata: Inna ta ce in rubuto mata don muryar da ta aiko rezo ya hana ta tafi. Ta ce: ku maza kuna ta magana a ɗiba a bari, wa zai ɗauka? Lokacin aikin fako mu mata munka ɗauki dutse bisa kai da gammo daga hantsi har azahar ana ba mu hatsi da mai, maza duk kuna Abijan da Legas da Libiya, ko a Keita ma mata ne sunka yi yawancin aikin kowa ya sani. Ta ce har yau wuyanta bai daina ciwo ba. In daga tudu za a ɗauko to a yi hayar amalanke ko kamiyo, ita ba za ta sake tara mata su hau dutse ba. Ta ce kuma kada a manta shekarar yunwar El Buhari da ta 2005 anzar kufai da ganyen jiga su sunka riƙe gidaje da yawa, ita da kanta ta jiƙa anza kwana da kwanaki tana sauya ruwa don ɗacin ya fita ta ba mu munka ci. Ba ta yarda a taɓa itacen wurin ba ko reshe. Dutsen da ya gangaro waje ya warwatse cikin ciyawa kuwa ta ce ba ta ga laifin tsince shi ba.

Ta ƙara da cewa tunda an buɗe maganar daji, a gaya mata dalilin da ya sa mai gadi ke ƙwace gatarin mace in ta shiga tsintar busasshen itace amma buhunan gawayi na fita da dare bisa babur ba wanda ya gani.

Ɗan Abijan: Inna ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Sakatare ina kuɗin ciyawar da anka sayar bara? mu nan duk wata muna haɗawa muna aikowa, ko hoton takarda ba mu taɓa gani ba

Sakataren kwamite: Kuɗin ciyawa na cikin littafi, an biya mai gadi wata shida, an sayi irin gamba, saura na hannun ma'aji. Zan ɗauki hoton shafin in sa a nan bayan isha'i. Amma maganar yau ta dutse ce don Allah kada a karkata.

Na rugga: A'a sakatare ba karkata ba ce duk magana ɗaya ce. Da anka killace fakon nan an ce mana shekara uku ne ciyawa ta zuba iri sannan a buɗe, yanzu shekara nawa? Kuna yanke ciyawar kuna ɗaurewa kuna sayar wa masu kiwon rago na Tawa, mu da shanunmu ke kwana bakin wurin sai mun saya. Yanzu gebe ya ci burtali, in na kauce masa na faɗa gonar mutum a ce ɓarna a kai ni gaban maigari, in na bi ta daji mai gadi ya ce tara. Ta sama zan bi? Dokar makiyaya ta 2010 ta ce tafiya da dabba haƙƙinmu ne, kuma ko zaman jiya ba a kira ko mutum ɗaya daga rugga ba. Ni dai a gyara burtali, dutsen ko daga Makka za a kawo shi.

Amma in kuna son gaskiya mu ma ba mu son a rushe ganuwar. Cikin bazara in rana ta take nan ne kawai inuwa, tsofaffin shanu a jikinta suke kwanciya.

Mushe (malamin lakwal): Ni ina da tambaya ga masu cewa a bari. A bari yaya? Na kai ƴan lakwal ɗina wurin watan jiya, ganuwar gabas da na sani tana kai mini kafaɗa lokacin ina yaro yanzu ko ƙugu ba ta kai ba. Aduwa ta fito a tsakiyarta saiwar ta raba duwatsun biyu har hannu na shiga. Ke nan itacen da Baba ke so shi ke cin ganuwar da ɗan maƙera ke so, in an naɗe hannu shekara ashirin ba sauran abin gardama. Masallacin Agadas da yake tsaye tun ƙarni na 16 da laka anka yi shi, ba barinsa anka yi ba, yaɓe ake sake masa. In za a riƙe wurin a riƙe shi da aiki, a cire ƙananan itacen da ke fitowa a jikin gini tun suna ƙanana, a maida dutsen da ya faɗo mazauninsa. In ba za a yi ba gara a ba kawu ya tare gonarsa.

Wani abu kuma da ya ba ni kunya, yaran sun tambaye ni su wa sunka zauna nan, yaushe sunka tashi, na kasa ba su amsa guda. Wannan ya ce yaƙi ne tun zamanin da Agabba ya zo daga Agadas ya kama Adar, wancan ya ce yunwar Kakalaba ce, wata tsohuwa ta ce rijiya ce ta ƙafe kawai. Tsofaffi uku sunka rage da ke iya jero sunayen gidajen.

Ɗaliba a Yamai: Salamu alaikum iyayena da yayyena, ku gafarce ni in sa baki. Mushe ya yi gaskiya, amma akwai abin da ban ga an ambata ba. Da hutu na je wurin da ƙanena, bayan matoyin maƙera akwai ramuka sababbi guda biyar ko shida, an haƙa an bari a buɗe. A bakin ɗaya na ga tukunya an fasa ta, fasuwar sabuwa ce don cikin katangar ja ne wur, da zane irin na igiya a wuyanta, da wasu ƴan duwatsun wuya a cikin ƙasar. Kowa ya san tun da anka samu zinariya a Jado a 2014 na'urar nema ta cika gari, waɗanda sunka dawo ba su aje ta ba. Ban kira sunan kowa ba.

Abin da ya faru a Bura can yankin Tera ke nan. Wurin an gano shi a 1975, Boubé Gado ya yi haƙa a 1983 anka fito da tukwane da mutum-mutumin laka da duniya ta yi mamaki, da labari ya bazu sai mutane sunka bi wuraren da dare suna tonewa suna sayar wa dillalai, kaya sunka watse Turai. Kuma akwai doka, mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 kan kayan tarihi, ba a haƙa irin wannan wuri sai da izinin hukuma. To ina tsoron in kwamite da kanta ta sa hannu anka kwashe ganuwa, gobe ba ta da bakin hana masu na'ura, kuma tana iya jawo wa kanta magana.

Abin da zan iya, in na zo hutu in ɗauki hoton komai in auna da igiya, in zauna da tsofaffin nan uku in naɗi muryarsu, in kai wa malamanmu na IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, su gani. Ban yi alkawarin za su zo ba.

Ɗan Abijan: Ƙanwata karatu ya yi amfani. Amma su masu dokar in gebe ya cinye gari za su zo da siminti?

Mai gonar bakin gebe: Tambaye ta dai. Hoto ba ya tare ruwa.

Baba mai ritaya (gandun daji): Ku saurara, ku da ke gaggawa. Ko an ba ku ganuwar duka kun jibga ta a bakin geben, ruwan farko zai zagaye ta ya buɗe wani bakin, ko ya kwashe ta ya kai muku cikin gona. Gebe ba a kama shi a wuya, a kai ake kama shi. Can bisa tudu inda ruwan ke taruwa za a ja layuka a bi daidan ƙasa, dutse ƙanana da matsakaita, a dasa gamba a bayansu, fakon da ke tsakani a yi masa tassa, ƴan ramukan shuka masu tara ruwa, irin wadda mutanen Illela da Badagishiri sunka koyo daga Yatenga ta Burkina sunka rayar da ƙasar da ko ƙarangiya ba ta fitowa. Kuma dutsen wannan aikin yana nan a kan tudun, baƙin dutse zube ko'ina, ba sai an hau da shi ba. Wanda za a sauko da shi na cikin geben ne kawai, ƴan shingaye a jere cikin waya, shi ne ke son kamiyo.

Kufai na ƙasa, kan gebe na sama. Wanda ya ce dutsen kufai ya fi kusa bakin ramin kawai ya duba.

Sakataren kwamite: Baba wannan ba a faɗe ta jiya ba gaskiya

Baba mai ritaya (gandun daji): Ba a kira ni ba.

Mai gonar bakin gebe: Aikin tudu shekara nawa zai ɗauka kafin in ga amfaninsa? ni damana mai zuwa nake magana. Ku ba ni ko wanda ya warwatse ɗin da Inna ta ce in toshe bakin da ke fuskantar gawona, da kaina zan ɗauka da ƴaƴana, ba amalanke.

Jikan maƙera: In da kai za a ɗauka kuma daga wajen ganuwa ta kudu, ni ban hana ba, amma ina tsaye a wurin. Ta yamma ko tsakuwa.

Mushe: In an ba shi wanda ya faɗo da me za a maida ganuwar?

Jikan maƙera: Mushe wanda ya gangara har cikin sabara ba mai sanin daga ina ya fito

Na rugga: Burtalin fa? kun sake mantawa da mu

Sakataren kwamite: Ba a manta ba. Ga abin da zan kai wa maigari: a kira Cofob, kwamiten filaye na gari, su zo su sa alama a iyakar kufai da ta burtali a rubuta a takarda, a nemi ma'aikacin gandun daji na komin ya hau tudu da Baba su duba inda layuka za su bi, rugga ta ba da mutum biyu mata su ba da biyu a zaman Juma'a bayan an sauko. Maganar masu na'ura da ta gawayin dare a zauren maigari za a yi ta ba a nan ba. Kuɗin kamiyo kuma sai ƴan waje sun motsa.

Ɗan Abijan: Ni na ɗauki man tafiya biyu, zan gaya wa na unguwar Ajame da na Yopugon a nan Abijan su ma su kawo nasu. Amma sai na ga hoton littafin nan tukuna. Kuma har yanzu ban canza ba, in damana ta zo ba a yi komai a tudu ba ni da kaina zan biya a kwashe ganuwar

Ɗiyar shugabar mata: Inna ta ce zaman Juma'a a yi shi bayan la'asar, da azahar mata na daka. Ta ce kuma a maido wa maƙwabciyarmu gatarinta kafin nan.

Mai gonar bakin gebe: Ni gobe da asuba zan fara ɗiban na kudu, ɗan maƙera ka zo da wuri kada ka ce ban faɗa ba

Sakataren kwamite: Kawu ka jira Juma'a mana

Sakataren kwamite: Kawu?